Darasin Mako: Kimiyyar da ke Cikin Alkaki

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya yi makarantar kwana ya san darajar alkaki. Da an buɗe akwati bayan hutu, ƙamshinsa kaɗai kan tuna mana gida. A wannan mako za mu duba yadda ake yin sa, domin aikin da iyayenmu mata ke yi a madafa kimiyya ce irin wadda muke karantawa a aji.

Kalmar alkaki daga Larabci muka aro ta, haka ma alkama da ake yin sa da ita. Alkama na son sanyi, shi ya sa ake noman ta lokacin hunturu a wuraren noman rani irin su Kadawa a Jihar Kano.

1. Kwaɓi. Ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da yis ko nono, a rufe ta kwana. Ƙananan halittun da ke cikin yis suna cin zaƙin garin suna fitar da iska. Iskar ce ke sa kwaɓin ya tashi.

2. Kanwa. Idan kwaɓin ya yi tsami, akan zuba ɗan ruwan kanwa. Kanwa kishiyar tsami ce, tana kashe kaifinsa.

3. Suya. Bayan an naɗa, sai a soya a mai, wuta kaɗan-kaɗan. Zafin na korar ruwan da ke ciki.

4. Tsomawa. Ana dafa sukari da lemon tsami ko tsamiya, a tsoma alkakin. Tsamin na hana sukari sake daskarewa. Wasu da zuma suke yi.

Me ya sa alkaki ke daɗewa bai lalace ba? Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci sai da ruwa suke yaɗuwa. Suya ta kore shi, sukari kuma ya tsotse ragowar. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake kai shi gara gidan amarya, tare da nakiya da dubulan.

Abin damuwa, yawancinmu ci muka iya. A unguwanni da dama tsofaffi ne suka riƙe sana'ar, kuma ba a rubuce take ba. Idan suka tafi ba mu koya ba, da ita za su tafi.

Aikin hutu: maza da mata, kowa ya zauna da mai yin alkaki a gidansu ko maƙwabta, ya rubuto ma'auni da matakai. Za mu liƙa mafi kyau a wannan allo. Gani ya kori ji.