Yaushe Doka Ta Yarda 'Yan Sanda Su Ɓalle Ƙofa?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, darasinmu na wannan mako ya dace da sunan garinmu, wato Ƙofa. Mun sha gani a fim 'yan sanda sun doki ƙyaure da ƙafa sau ɗaya ya faɗi. Mun ga ya kamata mu duba yadda abin yake a zahiri, da abin da dokar ƙasarmu ta ce, domin wata rana ana iya ƙwanƙwasa gidan kowa.

Bari mu fara da kayan aikin, tunda cikinsu akwai darasin fiziks ɗin da muke yi a aji. Ƙyauren ƙarfe irin wanda masu walda ke yi mana yana da ƙarfi, amma abin da ke riƙe da shi 'yan wurare ne kaɗan: sakata, kwaɗo, da inda aka kafe shi a bango. Nan ake nufa. Dabara ta farko duka ce. 'Yan sandan Ingila suna da wani gungumen ƙarfe mai hannu biyu da ake kira Enforcer, nauyinsa kusan kilo 16, mutum ɗaya ke lilo da shi ya maka wa ƙofa. Nauyi da sauri idan suka haɗu a wuri ɗaya, sakata ba ta jurewa. A nan gida babbar guduma ce ke wannan aiki.

Dabara ta biyu ta fi burge mu, wato ɓanɓarewa da sandar ƙarfe. Wadda ta fi shahara ita ce Halligan, wadda wani jami'in kashe gobara na birnin Niyok a Amurka, Hugh Halligan, ya ƙirƙira a 1948, daga baya 'yan sanda suka ara. Ga lissafin: a ce hannun mutum yana santimita 70 daga inda sandar ta dogara, bakinta kuma santimita 7 kacal. Ƙarfin da ya sa zai ninka sau 10 a bakin. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse a gona da doguwar sanda ya san wannan ko bai shiga aji ba. Ta uku kuma babban almakashi ne na yanke kwaɗo ko sarƙa, shi ma dogayen hannuwansa ne ƙarfinsa.

To, sai mu zo kan doka, wadda ta fi shafarmu. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Saboda haka kaki kaɗai bai isa ya ba mutum ikon karya ƙofar wani ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi tasu a kan tsarinta, ta nuna hanya. Idan bincike za a yi, ana buƙatar takardar izini daga alƙali ko majistare. Idan kuma wanda ake nema ne ya shige wani gida, sashe na 12 ya ce jami'i ya nemi a bar shi ya shiga, mai gida kuma wajibi ne ya ba da hanya. Sai idan jami'in ya bayyana ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, aka hana shi, sannan ya halatta ya karya ƙofa ko taga. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, tun 1604 wata kotu a Ingila ta kafa ta a shari'ar Semayne.

Akwai wani sharaɗi a sashen da mutanenmu da yawa ba su sani ba, ga shi kuwa kamar don mu aka rubuta shi. Idan gidan na macen da ba ta fita bainar jama'a ne bisa al'ada ko addini, wato gidan kulle, dole a sanar da ita tukuna, a ba ta damar kaucewa, kafin a shiga. Ashe "ba a shiga" ɗin da muke gani a ƙofar zaure, ita ma doka ta san da ita, ko da yake ba ta hana bincike gaba ɗaya. Haka nan ana yin binciken a gaban shaidu, a rubuta duk abin da aka ɗauka a sa hannu. Sashe na 7 kuma ya hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ko uba ne ko mata ko ƙane.

Me ya sa aka matsa a kan sanarwa? Ranar 13 ga Maris 2020, 'yan sanda a Louisville ta Amurka suka fasa ƙofar wata matashiya, Breonna Taylor, cikin dare. Wanda ke tare da ita ya ce ya zaci ɓarayi ne, ya yi harbi, 'yan sanda suka mayar da wuta, ta rasa ranta. A Najeriya ma, a watan Oktoban 2016 jami'an DSS sun fasa ƙofofin gidajen wasu manyan alƙalai a Abuja da dare, abin da ya jawo muhawara mai zafi har ƙungiyar lauyoyi ta yi tir da shi.

A ganinmu wannan batu ya fi nauyi a jihar Katsina. Inda 'yan bindiga ke zuwa da dare, wani lokaci ma cikin kayan jami'an tsaro, mai gidan da ya ji ana dukan ƙyaurensa ba sallama yana da dalilin firgita. Shi ya sa ya fi kyau jami'ai su taho da mai unguwa ko wani dattijo da aka san muryarsa.

Idan aka ƙwanƙwasa kuna ciki, ku kira babba, kada yaro ya buɗe. A tambaya daga ciki su wane ne, daga wane ofishi, a nemi ganin katin shaida da takardar izini ta taga ko ta ƙasan ƙofa. A buga wa mai unguwa ko maƙwabci waya, ko ofishin 'yan sanda na Kusada ko Kankiya don a tabbatar. Idan ta tabbata su ne, a buɗe, kada a yi kokawa ko a ɗauko makami. Wanda aka ɓalle masa ƙofa ba bisa ƙa'ida ba zai iya kai ƙara wajen DPO, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko kotu, don haka a riƙe sunayen shaidu, a kuma ɗauki hoton ɓarnar kafin a kira mai walda.