Kukan tsuntsayen Baturiya a lasifika ɗaya: tsarin tsakiya da gefe

Wani matashi daga Hadejia ya rubuto mini cewa ya sayi 'yan makirufo biyu irin na maƙalawa a wuyan riga, ya ware su kamu uku, ya ɗauki kukan tsuntsaye a dausayin Baturiya. Da abin sawa a kunne sai ka rantse kana cikin kwale-kwale. Da ya tura wa abokansa ta WhatsApp, suka saurara a lasifikar waya, sautin ya shaƙe kamar daga cikin randa.

Ɗan'uwa, makirufonka lafiyarsu lau. Tazarar ce ta cuce ka. Kukan kirinjijiya yana isa makirufon hagu kafin na dama da ɗan ƙanƙanin lokaci, to idan waya ko rediyo ta haɗe su wuri guda sai wasu sassan sautin su kashe juna. Galibin masu sauraronmu kuwa lasifika ɗaya gare su, don haka nake son ka gwada tsarin tsakiya da gefe.

Tsohuwar dabara ce, tana cikin abin da injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista a 1931. Makirufo ɗaya yana fuskantar abin da kake so, shi ne tsakiya. Na biyu yana jin hagu da dama kaɗai, kurma ne ta gaba da baya, siffar jinsa kamar lamba 8. Tsakiya a tara da gefe, ka sami hagu. Tsakiya a debe gefe, ka sami dama. In aka haɗe su a lasifika ɗaya, gefen ya share kansa, tsakiya ta rage tsaf.

Wuyar aikin tana ga makirufon gefe. Ƙarami mai siffar 8 yana da wuyar samu, nagarinsa kamar Sennheiser MKH 30 kuma ba kayan mai koyo ba ne. Abin da zan ce ka yi: nemi ƙanana uku iri ɗaya masu jin gaba kaɗai. Biyu su juya wa juna ƙeya, ɗaya na duban hagu, ɗaya dama, na ukun a ɗora shi a kansu yana duban gaba. Ka matse su sosai, har su kusa taɓa juna, domin ko tazarar yatsa biyu tana lalata siririn kukan tsuntsu. Kada ka yi wannan da irin naka masu jin ko'ina. Idan ka debe ɗaya daga ɗaya, kaurin sauti zai gudu ya bar ka da shuuu.

Kowane makirufo ya shiga layinsa a rikoda, kar ka gauraya komai a daji. A gida ka buɗe Audacity, kyauta ce. Kifa sautin na dama da umarnin Invert, haɗa shi da na hagu, gefe ya samu. Kwafe shi biyu, ɗaya ka kai hagu, ɗayan ka kife shi ka kai dama, tsakiya ta zauna a tsakiya. Nan ne daɗin yake: ƙara gefe, fadama ta buɗe, ka ji iska na kaɗa kacala da motsin ruwa ta ko'ina. Rage shi, muryar masuncin da kake hira da shi ta matso. Ni nakan bar gefe ƙasa da tsakiya, don in ya yi yawa mai magana sai ya zama kamar yana ƙetaren kogi. Wanda rikodarsa layi biyu ce, ba za ta ɗauki makirufo uku ba, amma Zoom H2n tana ɗauke da wannan tsari a cikinta.

Saura iska. Tsuntsayen Turai suna sauka Baturiya ne da hunturu, lokacin da iska da ƙura suka fi ƙarfi, makirufo masu jin sashe ɗaya kuwa sun fi kowa tsoron iska. Soso kaɗai ba ya isa. Yi musu ɗan keji na waya, ka rufe da yadi mai gashi, ka bar sarari tsakanin yadin da makirufon. Ka fita bayan asuba kafin iska ta tashi, kafin injinan ban-ruwa su fara ruri.

Kafin ka bar gida, tafa hannu ta hagu ka ce “hagu”. In ka ji ta a kunnen dama, na hagu ka kife maimakon na dama.