Ciwon Kunnen Kare Mai Komowa: Darasi Domin Hakimai da Malamansu na Ƙasar Danko

Danko ɗaya ce daga cikin ƙasashe biyar da su ka haɗu su ka yi Masarautar Zuru, watau Dabai, da Danko, da Fakai, da Sakaba, da Wasagu. Tun da a ka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ta ke cikin wannan jiha, hedikwatar Ƙaramar Hukumarta kuwa tana Ribah. Yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya da mafarauta, Dakarkari da Hausawa da Filani da sauran kabilu. A irin wannan ƙasa kare ma'aikaci ne. Shi ke korar biri daga gonar dawa, shi ke bin sawun nama a daji, shi ke kwana a bakin garke, shi ne kuma ya kan fara jin motsin baƙon dare tun mai gida na barci. Duk wannan aiki da kunne da hanci ya ke yinsa. Karen da kunnensa ya toshe da mugunya ya zama mai gadin da ba ya ji.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa a ka shirya wannan darasi, wanda ya fi na farko nauyi. Karen da ciwon kunne ya dama ya kan riƙa kaɗa kai, ya yi faɗa, wani lokaci har ya yi tangaɗi. Saboda haka a kan kashe karen kirki bisa zaton mahaukaci ne, a kan kuma kama mahaukacin kare da hannu bisa zaton kunne ke damunsa. Kuskuren farko hasarar dukiya ne, na biyu kuwa hasarar rai.

Yadda kunnen kare ya ke

Ramin kunnen mutum gajere ne, kusan a miƙe ya ke. Na kare dogo ne, ya kan gangara ƙasa tukuna, sa'an nan ya karya kwana ya nufi cikin kai, kamar ƙotar fartanya. A ƙarshensa dodon kunne ya ke, wata 'yar fata marar kauri wadda ke karɓar sauti. Abin da ya faɗa cikin wannan rami da wuya ya ke fita da kansa. Ruwa da maiƙo da ƙura su kan taru a wurin kwanar, ga ɗumi ga duhu, sai ƙwayoyin cuta da wata irin fumfuna su sami wurin hayayyafa. Karnuka masu faɗaɗɗen kunne sun fi masu tsayayyen kunne kamuwa, domin iska ba ta shiga ta busar da ramin.

Abubuwan da ke kawo shi

Na farko, waɗansu 'yan ƙwari ne dangin ƙwaron ƙazwa, waɗanda ido ba ya ganinsu sosai sai da madubin likita. Alamarsu baƙin gari ne busasshe cikin kunne, kamar dakakken gawayi. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako uku ne, kuma su kan tashi daga kare zuwa kare, har da kyanwa.

Na biyu, kaska, wadda ke son maƙalewa a cikin fatar kunne da bakin rami.

Na uku, 'ya'yan ciyawa irin su ƙarangiya da ƙyasuwa, musamman da kaka da lokacin farauta. Kare ya fita lafiya lau, ya komo yana kaɗa kai da ƙarfi yana ƙarzar kunne guda da ƙafa, to, a fara zaton wannan.

Na huɗu, ruwa. Da damina karnuka su kan shiga rafi da fadama, ramin kunne ya kwana a jiƙe.

Na biyar, borin jini, watau jikin kare ya ƙi wani abinci, ko ƙurar furanni, ko cizon ƙuma. Irin wannan kare ya kan lashi ƙafafunsa kullum, ya yi ta susa, kunnuwansa biyu su yi ja. Likitocin dabbobi sun tabbatar wannan shi ne babban tushen ciwon kunnen da ke tafiya yana komowa.

Gyambon da a ke gani a gefen kunnen karnukan ƙauye dabam ya ke. Cizon ƙuda ne ke kawo shi, irin ƙudan da ke haihuwa cikin jiƙaƙƙen taki da ruɓaɓɓen kara. Maganinsa a wanke, a shafa man da malamin dabbobi ya bayar mai korar ƙuda, a kuma kau da juji daga inda kare ke kwana.

Bambancinsa da haukan kare

Mai ciwon kunne ya san ubangijinsa, yana ci yana sha, kunnensa na wari, ba ya cizo sai an taɓa wurin da ke masa zafi, kuma ya kan yi makonni a haka. Mahaukacin kare halinsa ya kan sāke cikin 'yan kwanaki. Ya kan ciji mutum da dabba da icce ba dalili, ko kuwa muƙamuƙinsa ya saki, miyau na dalala, haushinsa ya sauya, ya kāsa haɗiya, ya mutu cikin kwana goma. Inda a ka yi shakka, kada kowa ya sa hannu. A rufe karen a ɗaki ko a ɗaure shi nesa da yara, a aika wa malamin dabbobi.

Wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti a ran nan domin allurar rigakafi. Ba a jiran a ga alama, gama in alamar ta bayyana a jikin mutum babu sauran magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare.

Yadda a ke wanke kunnen

Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke. Ko da karen gida ne mai ladabi a ɗaure masa baki da tsumma mai laushi, domin zafi ba ya barin sabo.

1. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya ba tsororuwa, a bar shi ya huce har ya yi ɗumin jiki. In an sami ruwan wankin kunne daga malamin dabbobi ya fi.
2. A ɗaga fatar kunnen sama domin kwanar ramin ta ɗan miƙe. A cire kaska da ciyawar da ido ke gani da hantsaki. Wadda ta yi zurfi a bar wa malami.
3. A zuba ruwan a hankali da cokali ko sirinji marar allura har ramin ya cika.
4. A murza gindin kunnen a hankali kamar rabin minti, za a ji ruwan yana ƙara a ciki.
5. A saki karen ya kaɗa kansa. Wannan kaɗawa ita ke fito da ƙazantar da ke can ciki.
6. A share abin da ya fito da auduga mai tsabta, iyakar inda yatsa ya kai. Kowane kunne da tasa auduga.
7. Bayan kunne ya bushe a ɗiga magani yadda malami ya faɗa. A ƙone audugar, a wanke hannu da sabulu.

Ba a tura tsinke, ko ashana, ko gashin kaza cikin ramin, gama suna danna ƙazanta ciki, suna kuma iya fasa dodon kunne. Ba a zuba baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko toka, ko barkono. Waɗannan suna ƙone fatar ramin, fiya-fiya kuwa guba ce mai kashe kare, ta kuma cuci yaron da ke wasa da shi. Yanke kunne da waɗansu mafarauta ke yi ba ya warkar da komai, domin cutar tana cikin rami, wuƙa kuwa iyakarta waje.

Akwai lokacin da mai kare zai tsame hannunsa. In kan karen ya karkace gefe guda, ko yana kewaya wuri ɗaya, ko yana faɗuwa, to, mai yiwuwa ne ciwon ya wuce dodon kunne. A nan ba a zuba komai, domin waɗansu magungunan ɗigawa suna kurmantar da kare in dodon ya fashe. Hakanan in fatar kunnen ta kumbura ta cika da jini saboda yawan kaɗawa, ba a tsaga ta da aska. Wannan aikin likita ne. Ciwon da ya gagari malamin Ƙaramar Hukuma a kan kai shi gaba, har asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Abin da ke sa ya komo

Ga misali, a ce mafarauci ya karɓo magani ya ɗiga kwana huɗu, wari ya ɗauke, kare ya daina susa, sai ya ajiye kwalbar. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Manyan ƙwari sun mutu, amma ƙwansu na nan, bayan mako uku sun sāke cika kunnen. Ko kuwa ya yi wa kare guda magani ya bar sauran biyu da kyanwar gidan, su mayar masa da cutar. Saboda haka maganin ƙwarin kunne sai an kai mako uku zuwa huɗu, kuma a yi wa dabbobin gidan gaba ɗaya. Maganin ƙwayoyin cuta ma sai an cika kwanakin da malami ya yanka, a komar da karen ya duba. In tushen borin jini ne, wanki kaɗai ba ya isa, sai an kashe ƙuma, an kuma gano abin da jikin ya ƙi. Duk komowar da ciwon ya yi fatar ramin ta kan ƙara kauri, ramin ya ƙara tsukewa, har wata rana ya toshe sam.

Rigakafi kuwa mai sauƙi ne. A duba kunne sau ɗaya a mako, a shanshana, a tsane shi da tsumma bayan kare ya shiga ruwa, a cire ciyawa da kaska duk ran da a ka komo daga daji. Lafiyayyen kunne ba a yawan wanke shi.

Aikin Hakimi da malaminsa

Kamata ya yi Hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni da sarakunan farauta ya bayyana musu wannan darasi, da Hausa da harshen Dakarkari, tun kafin damina ta faɗi. Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta sunan mai kare, da ƙauyensa, da kunnen da ya kamu, da ranar da a ka fara magani, da ranar da a ka gama, da ranar allurar hauka. Da wannan littafi malamin dabbobi zai san karen da ciwonsa ya komo sau biyu ko uku, ya nemi tushen. Labarin cizon kare kuwa ba ya kwana, a kai shi asibiti da ofishin dabbobi a ran da ya auku.

Ranar da a ka kawo kare domin kunne, ita ce ranar tambayar allurarsa. A kan yi ta daga wata uku da haihuwa, a sabunta kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda a ka kafa a can a 1924, tana cikin masu yin wannan allura a Nijeriya. Masana sun nuna in an yi wa kare bakwai cikin goma allura a gari, cutar ta kan kāsa yaɗuwa. Ran 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya. Hakimin da ya sa littafinsa ya cika kafin wannan rana ya san gidan da zai aika a kirawo.