Kurakuran Ɗan Koyo Wajen Aiki da Manhajar Ɗaga Shafi a Google

Da yawa daga cikinku, ya 'yan'uwa ɗalibai, in kun bar wannan kwaleji za a ɗora muku aikin da ba ya cikin takardar shaidarku. Hedimasta zai ce ku kula da shafin makaranta a intanet, ko kuwa wani ɗan'uwa mai shagon yadi a Kasuwar Wuse ya ce tun da kun yi boko, ku sa shagonsa ya riƙa fitowa in an nema a Google. To, akwai manhajoji da a ke yin wannan aiki da su, kuma ɗan koyo ya kan yi ɓarna da su ba da saninsa ba. Kuɗin mutane ne da amanarsu, saboda haka ya kamata mu tsaya mu duba.

Da fari sai mu san yadda injin binciken ya ke aiki. Google yana da wani ɗan aike, watau manhaja mai bin shafuffuka ɗaya bayan ɗaya, tana karantawa, tana shigar da su cikin wani babban kundi. Sa'ad da mutum ya rubuta abin da ya ke nema, sai injin ya buɗe kundin nan, ya jera shafuffukan da ya ga sun fi dacewa. Manhajojin da mu ke magana a kai, irin su Semrush da Ahrefs da Moz, na wasu kamfanoni ne dabam. Ba su cikin Google, ba su ga ma'auninsa ba. Lissafinsu kintace ne, kamar na dillalin da ke faɗa maka farashin sa tun ba a kai shi kara ba. Mai amfani ne, amma ba shi ne ciniki ba. Yawancin kurakuran da za mu ambata daga mance wannan su ke tasowa.

Ga misali, a ce mai shagon nan yana sayar da shadda da atamfa. Ɗan koyo ya buɗe manhaja, ya rubuta kalmar Turanci ta tufafi, sai ya ga an ce dubban mutane na nemanta kowane wata. Murna ta kama shi. Bai lura ba cewa manhajojin nan su kan buɗe ne a kan ƙasar Amurka, sai mutum ya sauya da hannunsa zuwa Nijeriya. Ko da ya sauya ma, kalma mai faɗi irin wannan manyan kamfanoni sun riga sun tare bakinta, ƙaramin shago ba ya ture su. Wanda zai saya kuwa ba haka ya ke rubutawa ba. Ma'aikaciyar da ke zaune a Wuse II, wadda biki ya matso mata, abin da za ta rubuta shi ne sunan yadin, da Wuse, ko Abuja. Masu neman wannan kaɗan ne, amma su ne masu kuɗi a hannu, kuma ba su fi tafiyar 'yan mintoci daga shagon ba. Da ɗan gari a kan ci gari.

A nan ne mu masu Hausa ya kamata mu ƙara lura. In ka rubuta kalmar Hausa, kamar ɗinkin babbar riga ko hular zanna, sau da yawa manhajar za ta nuna maka sifiri, ko ta ce ba ta da bayani. Ɗan koyo sai ya ce ashe ba mai nema, ya watsar da Hausar, ya koma Turanci. Lalle wannan kuskure ne. Sifirin nan yana nufin manhajar ba ta tara abin da ya isa ta yi kintace ba, ba wai mutane ba su nema ba. Sa'an nan ga batun baƙaƙe masu lanƙwasa. Mu malamai muna koya wa yara su rubuta ɗinki da ƙ da ɓ yadda ya kamata, kuma haka ya dace a rubuta a shafi, amma mai waya a kasuwa dinki zai buga, ba lanƙwasa. Sai ka gwada kalmar ta fuska biyu kafin ka yanke hukunci. Mafi kyau duka, ka buɗe Search Console, wadda ta ke ta Google ce, kyauta kuma a ke ba da ita. Ita za ta nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana gare su, tun daga watanni 16 da suka wuce. Gani ya kori ji.

Wani abin da ke ruɗin ɗan koyo shi ne fitilu. Manhajar Yoast, wadda a ke haɗawa da WordPress, tana kunna ja, ko ruwan lemo, ko kore, gwargwadon yadda ta ga rubutunka. Ɗalibi kuwa, kun sani, ba abin da ya ke so kamar maki. Sai ya yi ta cusa kalma ɗaya cikin kowace jimla don fitila ta zama kore, har rubutun ya koma kamar haddar 'yan aji ɗaya. Ba a kan nahawun Hausa aka gina ma'auninta ba. In ka rubuta riga a nan, riguna a can, ba lalle ta gane abu ɗaya ka ke nufi ba. Google kansa yana ɗaukar irin wannan cushe a kan maguɗi, kuma tun 2009 ya sanar cewa ba ya duba jerin kalmomin da a ke ɓoyewa a kan shafi. A ganina, in fitila ta ce ja, mai karatu kuwa ya fahimta, ya san farashi da inda shago ya ke, to a bar ta da janta.

Haka kuma makin nan na Moz, daga 1 zuwa 100, wanda ke kintace ƙarfin shafi. Ba na Google ba ne, kuma Google ba ya aiki da shi. Amma saboda shi a kan sami masu tallar cewa za su sayar maka da mahaɗai ɗaruruwa, watau su sa wasu shafuffuka su riƙa nuni zuwa naka, maki ya hau. Tun 2012 Google ya fito da gyaran da a ke kira Penguin don maganin wannan. Ko dai ya ƙi ƙirga mahaɗan, kuɗi su tafi a banza, ko ya danne shafin.

Akwai ɗan ƙaramin abu mai babbar ɓarna. A cikin saitin WordPress akwai wani akwati da a kan sa wa alama lokacin gina shafi, don a hana injin bincike shiga. In aka mance ba a cire alamar ba, kome gyaran da ka yi, ka rufe ƙofa ne kana jiran baƙi. Shi za ka fara dubawa.

Saura gaggawa. Ɗan koyo ya gyara shafi ran Litinin, ran Laraba ya ga bai hau ba, sai ya rushe ya sake. Google da kansa ya ce aikin nan ya kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Ka sami littafi ka rubuta ranar da ka yi kowane gyara, ka yi su ɗaya bayan ɗaya, don in abu ya canja ka san dalili. Kafin lokacin ya yi, ka yi wa shagon ko makarantar rajista a taswirar Google, da cikakken adireshi, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa. Wuse tana da shiyya bakwai ban da Wuse II, saboda haka ka rubuta shiyyar da sunan titi, kada baƙo ya yi ta yawo da rana tsaka yana tambaya.