Darasi: Yadda Hotunan Jirgi Maras Matuƙi Ke Zama Taswirar Burtali

Darasinmu na wannan fitowa a kan taswira ne, irin wadda ake haɗawa da hotunan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi, wanda samari ke kira duron. Wani zai ce, to me ya haɗa falken shanu da kwamfuta? Ƙasa ce ta haɗa su. Duk san da ya taso daga Sinkase ko Kunjuware, ko ya ƙetaro daga Benin ya shigo Gando, sai ya taka ƙasar wani kafin ya hau mota zuwa Adetikope, kusa da Lome. Burtali, mashaya, makwanci da filin kara (watau kasuwar shanu muke nufi, ba garin Kara ba), duk ƙasa ce, kuma kowace damina gonaki da fulotai suna ci daga gefenta.

A da shaidar dattawa ta isa. Tun zamanin da ayarin goro ke bi ta Sansanin Mango ko ta Didawure a Sokode zuwa Salaga, hanya a kan mutane take, ba a takarda ba. A watan Oktoba 1998 shugabannin ECOWAS suka zartar da dokar ƙetaren dabbobi, wadda ta ce garke ya riƙe takardar shaida, ya kuma bi hanyoyin da kowace ƙasa ta keɓe. Togo ta yi sabuwar dokar filaye a watan Yuni 2018. Benin kuwa ta hana garkunan kiwo na waje shiga ƙasarta a Disamba 2019, kuma Gando a bakin iyakarta take. Yau idan aka zauna gaban perefe ko sarkin gari a kan burtali, ana iya shimfiɗa takarda mai hoto a ce ga iyaka nan. Wanda bai san yadda aka yi takardar ba, sai dai ya yi shiru ya sa hannu. Saboda haka bari mu bi aikin tun daga tashin jirgi.

Jirgin ba hoto ɗaya yake ɗauka ba. Mai tuƙa shi yana zana masa fili a waya, shi kuwa ya riƙa kai da komo a layi, kamar mai huɗa, yana ɗaukar hoto kai tsaye ƙasa. Ga misali da jirgin DJI Phantom 4 Pro, wanda masu awo suka daɗe suna aiki da shi. Idan yana mita 100 a sama, hoto guda yana cin fili kimanin mita 150 a mita 100, kuma kowane ɗigo na hoton daidai yake da santimita uku ba kaɗan a ƙasa. Watau ana ganin kunyar doya, ana ganin sawun da shanu suka daka, har turken siminti ana gani. Sai dai dole kowane hoto ya hau kan na bayansa da kamar kashi 80 cikin ɗari, ya hau na layin gefe da kamar kashi 70. A wannan lissafi hekta ɗaya tana cin hoto goma sha ɗaya. A ce muna son burtali mai tsawon kilomita 10, da faɗin mita 200 don gonakin gefe su fito: hekta 200 ke nan, hoto sama da 2,000. Batir guda kuwa da ƙyar yake wuce minti 25. Duk wanda ya ce zai yi wannan aiki da batir biyu kafin azahar, a sake tambayarsa.

To, me ya sa ake wannan maimaici? Nan ne manhaja take shigowa, watau tsarin aikin da ake ɗora wa kwamfuta. Akwai na kuɗi, irin su Pix4D ta ƙasar Suwizalan da Agisoft Metashape, akwai kuma OpenDroneMap da ake samu kyauta. Aikinsu iri ɗaya ne. Kun san yadda mai kora yake gane sa guda cikin ɗari ta ƙaho da tsagar kunne, ko ta gaba ya hango shi ko ta gefe. Haka manhaja take yi da ƙasa. Tana tsinto dubban alamu a kowane hoto, bakin dutse, gindin kututture, kusurwar kunya, sa'an nan ta nemo su a sauran hotuna. Idan dutse ɗaya ya fito a hoto takwas, kowanne daga wani gefe, tana iya lissafa inda jirgin yake lokacin kowane hoto, da inda dutsen yake, da tudunsa. Da miliyoyin irin waɗannan ɗigo take gina siffar ƙasa, tudu da kwari. Daga ƙarshe ta miƙe karkatar kowane hoto, ta ɗinke su su zama shimfiɗa guda wadda ko'ina ka duba kamar kana tsaye daidai bisa kansa. Wannan shimfiɗa ita ake iya aunawa da mita. Hoto guda da ba a miƙe ba, gefensa yana ƙarya, musamman inda akwai gangare, don haka kada a yarda a auna faɗin burtali a kansa.

Aikin yana cin lokaci. Hoto 2,000 yana iya kwana a kwamfuta mai ƙarfi, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya, wani lokaci sai an koma baya. Wannan matsalar mai aikin ce, mu wuce.

Abin da ya fi shafarmu shi ne wannan, kuma muna roƙon shugabannin rassa su riƙe shi da kyau. Jirgin yana rubuta wa kowane hoto wurin da aka ɗauke shi, da na'urar GPS irin ta cikin waya. Wannan na'ura tana kuskuren mita biyu, uku, har fiye. Taswirar za ta fito kyakkyawa, tsawo da faɗi a cikinta kusan daidai, amma dukkanta tana iya gocewa gabas ko yamma da 'yan mitoci. Idan taswira ɗaya ce, ba wanda zai lura. Ranar da aka ɗora ta kan ta bara, ko kan takardar filin wani, nan rigima take. A ce an yarda burtali mita 50 ne. Taswirar bara ta goce mita uku gabas, ta bana ta goce uku yamma. Sai a ga kamar manomi ya ci mita shida, alhali bai motsa ba. Ko kuwa ya ci shidan da gaske, taswira ta rufa masa asiri. Mita shida a tsawon kilomita 10 hekta shida ke nan. Ba ƙaramar gona ba ce.

Maganinsa alamun ƙasa ne. Kafin jirgi ya tashi ana shimfiɗa alamu masu fari da baƙi, ko a zana gicciye da farar ƙasa, aƙalla biyar, a warwatse a kusurwoyi da tsakiya. A doguwar hanya irin burtali kuwa sai an ƙara, a jera su gefe da gefe. Safiyo ya auna kowace da babbar na'urarsa wadda kuskurenta santimita ne. A kwamfuta sai a nuna wa manhaja kowace alama a cikin hotuna, a ba ta adadinta, ita kuwa ta ɗaure taswirar a kansu kamar yadda ake ɗaure sa a turke. Mai aikin kirki yana ware wasu alamun bai ba manhaja ba, sai bayan an gama ya gwada ya ga ko taswira ta faɗa kansu. Akwai jirage masu tsada da ke gyara awonsu tun suna sama, amma su ma ana gwada su da alamun ƙasa. Inda hukuma ta kafa turakun siminti a burtali, a shafa musu fenti su fito a hoto. Kowace manhaja tana fitar da rahoto a ƙarshen aiki, mai nuna yawan hotunan da suka haɗu da girman kuskure. A nemi wannan rahoto, a sa ɗalibi ya karanta. Taswirar da ba ta da rahoto, ba ta da alamun ƙasa, ado ce ta bangon ofis.

Yanzu ga wani abin dariya wanda yake iya zama na kuka. Manhaja tana ɗauka cewa duk abin da ke ƙasa a tsaye yake. Shanu kuwa ba sa tsayawa. Bijimin da ke nan a hoto na farko, kafin jirgi ya juyo layi na biyu ya yi gaba. A shimfiɗar ƙarshe sai ka ga sa mai kai biyu, ko rabin saniya, ko guda ta fito sau biyu, wata kuma ta ɓace ɗungurungum. Waɗanda suka fake a inuwar kaɗanya ko ɗorawa ba a ganinsu sam. Saboda haka idan wata rana mai karɓar haraji ya ce ya ƙirga shanun kara daga ɗinkakkiyar taswira, ba mu yarda da lissafin ba. Ƙirge daga sama yana yiwuwa, amma da hoto guda wanda ya kama garken duka a lokaci ɗaya, a fili. Ruwa ma haka yake rikita manhaja, don fuskarsa tana motsi tana ƙyalli. A mashayar kogin Oti ko Kumongu, bakin gaɓa za a dogara da shi.

Sai maganar lokaci. Mu harkarmu ta fi ƙarfi da rani, amma hoton rani ba ya nuna gona sosai: an girbe dawa, an cire auduga, wuta ta bi ta kai, burtali da saura duk sun zama launi ɗaya. Ga hazon hunturu yana dusashe hoto. Wanda yake son nuna inda noma ya kai, sai ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, amfanin gona na tsaye. Wanda yake son nuna sawun shanu da hanyar mashaya, rani ya fi masa. A wurin da rigima ta yi tsanani, biyun ake yi. A kuma tashi da hantsi zuwa tsakar rana, lokacin da inuwa ta gajarta.

Kada wani ya ɗauka wasan yara ne. A 2016 hukumar Zanzibar ta soma zana tsibiranta da irin waɗannan jirage, kuma ɗaliban jami'ar wurin ne suka riƙa tuƙa su. Amma fa taswira tana nuna abin da ke ƙasa ranar da aka ɗauka ne kurum. Ba ta san wanda kakansa ya sare dajin ba. A Gando ƙasa ta Gangam ce, a Dapango ta Moba, a Mango ta Cakosi, a Sokode ta Kotokoli, mu baƙi ne masu wucewa ko mazauna zango. Layin da za a ja a kan hoton, da manhajar QGIS ko wata, mutane ne za su ja shi. In an ja ba da sarkin gari da masu gonaki ba, an sayi rigima da kuɗin ƙungiya. A kira su tun ranar shimfiɗa alamu, kowa ya ga inda aka sa, a rubuta sunayen shaidu. Takardar mallaka kuwa aikin safiyo mai lasisi ne da ofishin filaye.

Game da izini ba ma son kowa ya yi ganganci. Tashin jirgi maras matuƙi a Togo sai da yardar hukumar jiragen sama, ANAC, da ta jami'an tsaro. A arewa abin ya wuce takarda. A watan Mayu 2022 'yan bindiga suka kashe sojoji takwas a Kpekpakandi, cikin Kpenjal, a watan Yuni kuma gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, wadda Dapango, Mango, Sinkase da Gando duk suna cikinta. 'Yan bindigar Sahel su ma suna amfani da ƙananan jirage wajen leƙen asiri. Yaron da aka gani da duron a bakin daji kusa da garken shanu, kun san abin da soja zai fara zato, kuma kun san yadda ake kallon mai shanu a wannan zamani. Reshen da ke son taswira ya bi ta hannun perefe da ofishin kiwo, a rubuce, ya ɗauki mai aikin da ke da takardunsa. Idan an ce a'a, a haƙura. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da ke cikin Google Earth suna nuna yadda gonaki suka matso shekara da shekara, ko da ba su kai na jirgi kaifi ba.

Wajen ciniki da mai aikin, a rubuta a yarjejeniya cewa zai miƙa wa ƙungiya ɗanyen hotuna duka, da adadin alamun ƙasa, da rahoton manhaja, da taswirar kanta a fayil, ban da wadda aka buga a takarda. A cikin ɗanyen hoto ne kwanan wata da sa'a suke, kuma da su wani masani zai iya sake aikin idan aka yi musu. A rubuta kuma cewa ba zai ba kowa ba sai da izinin ƙungiya, domin hoton da ya nuna burtali ya nuna ruga, ya nuna inda garke ke kwana da hanyar da ake bi a kai gare shi, ɓarayin shanu kuwa su ma suna da waya. Sakatare ya ajiye kofi biyu, ɗaya a Dapango, ɗaya a Sokode.