Amsar Tambaya: Na Ci Bak, Rubutun Jami'a Ya Gagare Ni

Tambaya: Malam, daga Dungass nake, ina shekarar farko a Jami'ar André Salifou ta Zinder. Na ci bak lafiya, amma duk rubutun da na miƙa sai malami ya ce ba hujja.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. A lise an saba maka da haddace darasi ka mayar wa malami abinsa. Jami'a kuwa tambayarka take: me ka gani, kuma wa ya gaya maka?

Kafin ka taɓa Faransanci, faɗi amsarka da Hausa cikin jimla guda, yadda za ka yi wa kawunka bayani. In ta ƙi fitowa, ba ka gane tambayar ba tukuna. Manyan kalmomi ba za su rufa maka asiri ba. In ta fito, kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya da shaidarta. A ce an tambaye ka cinikin kan iyaka tsakanin Magaria da Babura. "Ciniki yana da amfani" ba hujja ba ce. Wane kaya ke ƙetarewa, da sefa ko da naira ake biya, daga bakin wa ka ji?

Wanda jami'arku ke ɗauke da sunansa masanin tarihi ne, ya rubuta littafi kan Damagaram a ƙarni na 19. Nemo littafin a ɗakin karatu, ka lura da yadda yake ambaton inda ya samo labari.

Kwafe daga intanet kam, malamai suna ganewa, maki kuma ya salwanta. Ka rubuta shafi guda kowane mako, aboki ya karanta maka da ƙarfi, ka gyara inda ya yi tuntuɓe.