Faɗan Ba-Zata a Gem ɗin Japan: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Jure Shi

Duk wanda ya taɓa buga tsohon Pokémon ko Final Fantasy a wayarsa ya san wannan yanayin: jarumi na tafiya cikin kogo, babu komai a gabansa, kwatsam sai sikirin ya juya, kiɗa ya canza, ga dodanni sun tare hanya. A gama da su, a yi taku biyar, sai ga wasu. Wannan shi ne faɗan ba-zata, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa matasa goge irin waɗannan gem tun labari bai kai ko'ina ba. Amma abin yana da lissafi, kuma wanda ya gane lissafin ba ya shan wahala kamar wanda bai gane ba.

Daga ina abin ya samo asali?

Tushensa wasan tebur ne na Amurka mai suna Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. A can, mai jagorantar wasa yakan jefa ƙwaya irin ta ludo, in lambar da aka ware ta fito, sai dodo ya ɓullo. Gem ɗin kwamfuta irin su Wizardry da Ultima suka ɗauki tsarin, daga nan Yuji Horii ya sa shi a Dragon Quest a 1986, Final Fantasy ta biyo baya a 1987.

Akwai kuma dalili na na'ura. Famicom, injin Nintendo da waɗannan gem suka fito a kai, kilobait 2 kacal ne RAM ɗinta, kuma ba ta iya nuna ƙananan hotuna masu motsi fiye da 8 a layi ɗaya na sikirin. Zana dodanni suna yawo a taswira, kowanne da tafiyarsa, aiki ne mai cin wuri. Jefa ƙwaya a ɓoye kuwa layuka kaɗan ne na manhaja.

Lissafin da ke gudana a ɓoye

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Ta farko ita ce ta Pokémon na farko, wanda ya fito a 1996. A kowane taku cikin doguwar ciyawa, gem na zaɓar lamba daga 0 zuwa 255, ya gwada ta da lambar da aka ba wannan wurin. Hanyar farko bayan garin Pallet lambarta 25 ce, wato kusan taku ɗaya cikin goma zai kawo faɗa. Damar yin taku 20 a ciyawar ba tare da faɗa ba kusan 13 ce cikin 100. Hawan farko na kogon Mt. Moon lambarsa 10 ce kawai, amma ya fi gajiyarwa, saboda a waje ana iya kauce wa ciyawa, a kogo kuwa ko'ina aka taka ana jefa ƙwaya. Shi ya sa Zubat ya zame wa 'yan wasa ƙarfen ƙafa.

Hanya ta biyu ita ce irin ta Final Fantasy VI ta 1994. Akwai wani ma'aunin haɗari da ba a gani, yana ƙaruwa da kowane taku, yana komawa sifili bayan faɗa. Don haka takun farko bayan faɗa sun fi aminci, kuma gwargwadon daɗewar shiru, gwargwadon kusantowar hari.

A duka biyun taku ake ƙirgawa, ba lokaci ba. Tsayawa wuri ɗaya a yi tunani ba ya jawo komai. Kai-kawo na ɓatan hanya shi ke cinye ɗan wasa.

Me ake gwadawa da shi?

Dodo ɗaya na hanya ba kasafai yake kashe jarumi ba. Aikinsa shi ne ya rage masa jini kaɗan, ya sa shi kashe ƙarfin sihiri ko ya sha magani ɗaya. Faɗa talatin irin wannan, sai a isa gaban babban bos da jaka babu komai. Kogon gaba ɗaya jarrabawa ce ta tattalin guzuri. Kuma faɗuwa na da tsada: a Dragon Quest na farko, wanda ya mutu rabin zinariyarsa ya tafi, a tsofaffin Final Fantasy kuwa sai a koma inda aka yi sebin na ƙarshe, ko da an shafe awa guda bayansa.

Dabarun jurewa

1. A shiga kogo da hanyar fita a hannu. Pokémon na da Escape Rope, Dragon Quest na da sihirin Evac. Idan rabin magunguna sun ƙare kuma ba a ga ƙarshen kogon ba, a fita a sake shiri. Makin gogewa da kayan da aka samu ba sa ɓacewa, zuwa na biyu zai fi sauƙi.

2. A san yadda maganin korar dodanni yake aiki. Repel na Pokémon ba ya korar kowa, sai waɗanda matakinsu bai kai na Pokémon ɗin da ke gaban tawaga ba. Wanda ya sa mai rauni a gaba ya yi asarar kuɗinsa. A tsofaffin gem ɗin, Repel kuɗinsa 350 ne na taku 100, Super Repel 500 na taku 200, Max Repel 700 na taku 250. In an raba, na tsakiyar ya fi araha a kowane taku. Holy Water na Dragon Quest ma raunanan dodanni kawai yake kora.

3. A yi gudu da lissafi. Idan jini ya yi ƙasa, da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Amma an tsara ƙarfin bos ne bisa zaton ɗan wasa ya yi mafi yawan faɗan hanya. Mai gudu daga kowane faɗa zai tarar da bos ya fi ƙarfinsa, dole ya koma ya yi zagayen neman maki, wanda ya fi gundura.

4. A rage tsawon kowane faɗa. A saitin Pokémon ana iya kashe motsin hotunan faɗa kuma a ƙara saurin rubutu. Daƙiƙa biyar da aka rage a faɗa ɗari biyar sun haura minti arba'in.

5. A yi sebin kafin shiga kowane sabon wuri. Mai buga gem a waya na da abokan gaba da gem ɗin bai sani ba: caji ya ƙare, ko kira ya shigo waya ta rufe manhajar.

Inda abin ya kwana a yau

Tun a 1994 da 1995, EarthBound da Chrono Trigger suka nuna dodanni a fili. Dragon Quest IX ta bi sahu a 2009, Pokémon Let's Go a 2018. Wasu kuma suka bar tsarin amma suka miƙa wa ɗan wasa linzami: Bravely Default na ba da damar ninka yawan faɗan ko kashe shi baki ɗaya, kuma jerin Final Fantasy Pixel Remaster, da ake samu a Android da iPhone, na da maɓallin kunnawa da kashewa.

Wannan maɓallin yana da tarko, domin wanda ya kashe faɗa tun daga farko zai isa wurin bos da jarumai marasa ƙarfi. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar shi a kunne a duk sabon kogo, a kashe shi idan ana komawa ta hanyar da aka riga aka bi, ko an dawo ɗaukar akwatin da aka manta.